Firidom a Shagon Iya Sakinat

Sabo, Ibadan
4 ga Maris

Gwaggo Zulaihat,

Gaisuwa mai yawa. Ya Zariya, ya ciwon gwiwa? Tunda kin ƙi waya mai WhatsApp, ga takarda ta hannun direban motar albasa.

Gwaggo na gaji. Koyon ɗinki a nan ba kamar can ba ne. In kin gama sai oga ta yi miki firidom, a tara mutane, ta sa miki albarka, ta ba ki satifiket. In babu shi ƙungiyar teloli ba za ta bari ki buɗe shago ba. Yarjejeniyar shekara uku aka yi da ogata Iya Sakinat ta unguwar Mokola, yanzu ina ta huɗu. Yara biyu da na koya wa sa zare a keke duk ta sallame su. Jiya wata kwastoma ta ce wannan ai "bondage" ne. Na duba a waya, wai bauta, zama a hannun wani ba ka da ikon tafiya. Kamar da ni aka rubuta. Har na ɗora a status.

Kuma na samu shago kusa da masallaci, mai shi ya ce in wata ya ƙare wani zai ba. Ba zan rasa shi ba wallahi. Ki taya ni addu'a.

'Yarki,
Fauziyya

Zariya
10 ga Maris

Zuwa ga Fauziyya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, gwiwa da sauƙi. Ki goge kalmar nan daga wayarki. Kakarmu ta ba mu labarin bauta, baiwa ba ta zaɓar shago.

Wa ya kai ki wurin matar nan? Mahaifinki. Ke kuwa 'yar fari ce, ko sunanki ba ya kamawa don kunya. Ya taɓa komawa? Ki durƙusa yadda mutanen can suke yi, ki tambaye ta. Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki

Sabo, Ibadan
17 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kin canka. Na durƙusa gwiwa bibbiyu na tambaye ta da Yarbanci. Ta buɗe durowa ta nuna min satifiket ɗina, tun bara yake ajiye. Ta ce a wurinsu wanda ya kawo yarinya shi ke zuwa ya roƙa a sallame ta. Ita ta ɗauka Baba raina ta ya yi. Na ce kunya ce, ta ce wace irin kunya, 'yar taka?

Baba ya ce zai tura Kawu Jafaru. Ta ce ba Jafaru ne ya ba ta ni ba.

To kwana uku kenan in an tashi daga shago nake hawa okada zuwa kasuwar Bodija wurin Baba. In zauna kan buhun albasa a rumfarsa, ina ɗinkin hannu. Abokan kasuwarsa suna ta tsokanarsa wai ya ɗauki maigadi. Ya ce in tafi gida, na ce Baba sai mun biya Mokola. Gobe ma ina can. Don Allah ki kira shi, ke yana jin maganarki.

Ki gaida mutan gida.
Fauziyya

Sabo, Ibadan
24 ga Maris

Gwaggo,

Barka da war haka. Baba ya je, da babbar riga da goro. Ya ce ya zo karɓar yarinyar nan. Iya Sakinat ta ce, "Alhaji, yara tara gare ni. Wacce?"

Sai ya ce, "Fauziyya."

Shekarata ashirin da uku, ban taɓa jin sa a bakinsa ba.

Firidom ran Asabar. Ki hawo mota.

'Yarki