Sun ce nonona ne ya kashe ɗana

Assalamu alaikum Hajiya Baiwa. Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki sakaya sunana, domin idan aka gane ni a garinmu ban san inda zan sa kaina ba.

Ina aure a wani ƙauye kusa da Dawce. Maigidana yana Ikko ci-rani, sai damina ta faɗi yake dawowa. Shekara biyu ke nan da na haifi ɗan fari, namiji. Wata huɗu ya yi a duniya, gudawa da zazzaɓi suka ɗauke shi cikin kwana uku. Kin san kunyar ɗan fari, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa gaban mutane ba, ranar da ya rasu ma bayan rumbu na je na yi kukana. Tun lokacin ake ƙus-ƙus wai nonona ba shi da kyau.

Yanzu Allah ya ba ni mace, Zuhra, yau kwananta hamsin da biyu. Muna gama arba'in ta yi gudawar kwana biyu. Uwar mijina ta kira wata tsohuwa, aka tatsi nonona a ludayi, aka jefa tururuwa ciki. Ina kallo ta yi ta mutsu-mutsu har ta daina motsi. Nan take aka ɗauke yarinyar daga cinyata. Yanzu tana ɗakin kakarta, ana ɗura mata nonon akuya da aka sirka da ruwa.

Hajiya, danga ɗaya ce tsakaninmu. Da ta yi kuka sai nono ya zubo ya jiƙa mini riga, in zauna in tatse shi a ƙasa. Abinci ba ya wuce mini wuya. Na kira maigidana a waya, ya ce in yi haƙuri, Inna ta fi mu sani.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni ma na fara yarda. Shekaranjiya kakarta ta tafi barka, aka bar ni da ita. Ta yi ta juya baki tana nema, na kasa ba ta, na kwantar da ita kan tabarma na fita. Jiya kuma na je ɗiban ruwa, na tsaya ina leƙen rijiya, ina tunanin da na faɗa da kowa ya huta, har wata mata ta taɓa ni. Ni ce na kashe ɗana? Yaya zan yi?

Mai jego daga Dawce

Ƴata, wa alaikumus salam. Ba ke kika kashe ɗanki ba. Gudawa da zazzaɓi suna ɗaukar jarirai a gidajen da ba a taɓa zargin uwa ba. Tururuwa kuwa ko a ruwan randa aka jefa ta, nutsewa za ta yi. Nononki shi ne abincin Zuhra, shi ne kuma garkuwarta. Nonon akuya da ruwan da ba a tafasa ba, shi ne abin tsoro ga jaririya kamarta.

Amma maganar rijiya ta fi komai gaggawa. Wannan nauyin zuciya ciwo ne da ke kama masu jego da yawa, balle wadda ta binne ɗa ba ta samu ta yi kukanta a fili ba. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ana warkewa. Yau ɗin nan ki gaya wa wata babba da kika amince da ita, kuma kada ki ƙara zuwa ɗiban ruwa ke kaɗai.

Surukarki ba maƙiyiyarki ba ce. Ita ma jika ta binne, tsoro ne ya sa ta riƙe wannan da abin da ta gada. Kada ki yi jayayya da ita. Ki sake kiran maigidanki, ki faɗa masa duka, har da rijiyar, domin haƙurin da ya ba ki na wanda bai san zurfin abin ba ne. Shi zai roƙi mahaifiyarsa ta raka ki matarniti, wato asibitin haihuwa, a Matamaye gobe, ba sai ranar kasuwa ba. A auna yarinyar, surukar taki kuma ta ji bayani da kunnenta daga bakin ungozomar likita. Ke ma ki faɗi halin da kike ciki, kada ki rage komai.

Kafin nan ki ci gaba da tatsa don kada nonon ya kafe, ki sha kunu ko ba ki so. Idan aka miƙo miki Zuhra, ki sa wata ta zauna kusa da ke, ki ɗora yarinyar a ƙirjinki ko da kina jin tsoro. Ita ta san sauran.

Allah ya jiƙan wanda ya tafi, ya raya Zuhra a hannunki, ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Baiwa