Baƙuwar salula a rezon Alhaji

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana. Ban yi lakwal ba, wato boko, murya na aiko aka rubuta. Ku ji ni tukuna kafin ku zage ni.

A Dakoro nake. Na yi haƙar zinari a arewa, na dawo da raina kawai. Maƙwabcina, wani Alhaji mai butik, shi ya ja mini wayar kuran, wato lantarki, ta bisa katanga daga konter ɗinsa, mitar wutarsa. Wutarmu ɗaya ke nan.

Bana ya sa wifi a butik, amma ba ya kai cikin gida. Sai ya sayo wasu 'yan akwatuna uku daga Maraɗi. Ana soka ɗaya a priz na butik, wato soket na bango, ɗaya a ɗakin Hajiya matarsa, rezo, wato intanet ɗin, ya bi wayar kuran ya isa. Na ukun ya ƙi kamawa a zaure, ya miƙo mini ya ce, "Jefa wannan a bola." Ban jefa ba. Na soka a ɗakina, ya kama. Ashe priz ɗin zauren ne ya mutu. Na yi shiru, ina kiran ƙanena da ke Libiya da salulata, wayata ta hannu, ina ganin fuskarsa. Sata ce, na sani. Amma wa na rage wa wani abu? Haka na ce wa kaina.

Sai mai gyara ya zo ya nuna wa Alhaji salulolin da ke shan rezonsa. Tasa, ta Hajiya, da wata baƙuwa. Ya tabbatar masa rezon ba ya tsallake katanga, mai ita yana cikin gida. Alhaji ya yanke cewa Hajiya na da ɓoyayyar salula da take magana da wani. Ya zazzage kayanta har cikin buhun gero. Ina jin kukanta ta katanga tana cewa, "Alhaji, da girmana?" Ya ce ko ta fito da ita, ko ta tafi gidansu a garin Ajekoriya.

Jiya ya kira ni bakin butik, ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Maƙwabci, kai kana gida da rana. Ba ka ganin mai shiga?" Na ce ban gani ba. Ya daɗe yana kallon aljihuna, sannan ya ce, "Kwana biyu ba ka zuwa sayen katin waya." Na ce babu wanda zan kira. Ya yi murmushi.

Murmushin me ke nan? Ya sani ne yana jira in kawo kaina? Ko mai gyaran ya gane ya raɗa masa? Ko ni yake zargi da Hajiya? In na ce salular tawa ce, wa zai yarda ta wayar kuran na samu rezon, ba ita ta ba ni kod, lambar sirrin wifi, ba? Ni kaina da ban gani ba, ba zan yarda ba.

Na kai hannu zan zare akwatin, na tsaya. In baƙuwar ta ɓace yanzu, zai ce Hajiya ta ji tsoro ta ɓoye. In na bari, kullum yana ganinta. Har yanzu akwatin yana nan a soke, Hajiya kuma ta fara ɗaure kaya.

Me zan yi?