Abin Tace Ruwan Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, cikin ya lafa?

Ni lafiya lau, sai furfura. Kin tambayi abin tace ruwan rijiyarmu da na yi alkawari. Kullum ina haɗa mai da ruwa da sabulu, in daskarar da su su zama roba mai ƙananan ƙofofi. Da ta bushe sai ƙofofin su rufe. Littattafai sun ce ba za su rufe ba, amma ƙofofin ba su yi karatu ba. Shugabanmu ya ce sakamakon "abin sha'awa ne". A nan haka ake ta'aziyya. Ƙarshen wata za a ba wani teburina.

Kada Inna ta ji. Allah ya ba ta lafiya. Ku ci gaba da tafasa ruwan.

Ƙaninki