Duron Maganin Fara

Yaya Idi,

Sallama da gaisuwa. Ba za ka karanta wannan ba, amma babu wanda zan iya faɗa wa sai kai.

Bana ma ruwan sama ya ɗauke tun hatsi bai kai gwiwa ba. Rijiyarmu ta Cadawa ta koma laka. Matarka Hajara sai ta yi tafiyar awa biyu kafin ta samo wa yara ruwa, kuma ba ta da abin tarawa sai tulu ɗaya.

Ga labarin. Wani mutum ya zo kasuwa da ɗan akwati mai waya. Ya ce in an tsoma wayar a ruwa, tana fitar da sautin da kunne ba ya ji, sautin ya kashe kowace guba. Hajara ta yarda. Tana son ta fito da duron maganin fara da ke bayan rumbu, ta koma zuba ruwan sha.

Na bincika, kamar yadda aikin jarida ya koya mini. Maganar tana da tushe. Irin wannan sauti yana haifar da ƙananan kumfa cikin ruwa, su fashe nan take, kuma zafin fashewar yana wargaza wasu sinadarai. Amma masana a 'yar kwalba suke yi, da lantarki mai ƙarfi, su auna ruwan daga baya. Nasa akwatin batirin tocila biyu ne a ciki. Wa ya auna? Da na miƙa wa mutumin kofin ruwan da ya tsoma wa wayar don ya sha, ya ce azumin nafila yake. Ran Laraba, Yaya.

Ban taɓa gaya maka ba: ni na roƙo duron nan a buron noma, wato ofishinsu, lokacin wancan farin. Na wanke shi sau uku da toka, na ce maka maganin ya fita, ka zuba ruwan sha. Na karanta gargaɗin da ke jikinsa, kai ba ka iya faransanci ba. Likita ya ce ciwon hanta ne ya ɗauke ka. Shi kaɗai ne, ko da hannun duron? Har yau ban sani ba.

Jiya na huda gindin duron da ƙusa, wuri shida. Hajara ta ce na zauna a birni ina yanke wa ƙafafunta hukunci. Ta yi gaskiya. Ban gaya mata dalili ba, amma gobe zan gaya mata, ko da ba za ta ƙara amsa gaisuwata ba.

Allah ya haskaka kabarinka.

Ƙaninka,
Lawali