Darbejiyoyin Layinmu

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba, ko kana da rai ma sai an sha neman tabarau. Amma shirun ya ishe ni, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Mutanen gida lafiya. 'Yarmu Sadiya ta haihu, namiji, an yi maka takwara. Gwarzo kuwa ta cika ta batse. Filin da yara ke ƙwallo a bayan layinmu ya zama shaguna, yanzu a kan titi suke yi, tsakanin babura. Zafin bana kuwa, wallahi rufin kwano har ƙara yake.

Maganar bishiyoyinka ce ta zaunar da ni. Ka tuna yadda ka jera dashen darbejiya daga ƙofar gidanmu har masallaci, ka hana kowa alwala sai a gindinsu? Kowane dattijo da bishiyarsa, ya tsuguna da butarsa, ruwan ya sauka inda ake buƙata. Suna mita, suna yi. Burinka layin ya samu inuwa, tsofaffi su daina dafuwa a ɗaki, masu talla su samu wurin sauke kaya. Bishiyoyin ba su gama kafuwa ba ka tafi.

Bayanka wani bawan Allah ya gina wa masallaci wurin alwala. Siminti, famfo, har da tayil. Allah ya saka masa, ni ban ce ya yi laifi ba. Sai dai ruwan yanzu kwata yake bi, ya je ya kwanta a ƙarshen layi, ya yi kore, sauro ya samu gidan zama. Bishiyoyin ba mai ko kallonsu. Wa zai bar famfo ya tsuguna a ƙasa? Ni kuma mace, in je ƙofar masallaci in ce wa maza me?

Na yi iya yina. A roba nake alwala, in ɗauka in kai musu. Maman Rifkatu, malamar nan 'yar Filato da ke haya kusa da mu, tana tara min ruwan wankin shinkafa. To ruwan mata biyu ina zai kai? Na wajen masallaci sun bushe, awaki sun ƙarasa su. Na ƙofar gida ne suka rage, su ma ganyen duk ya yi laushi. Gwiwoyina sun ƙi, Malam. Na gaji.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk tsiyar da nake maka, wai ka fi kula da itace a kan mutane, ta labulen soro nake leƙenka kana gyara musu shingen ƙaya, raina fes. Me ya hana ni faɗa? Kunya, sai ka ce amarya.

Yaron nan, babbanmu, ya matsa in koma wurinsa a Kabo. Ya tarar na faɗi da robar a soro, ya rantse ba zai sake bari ba. Na ja, na ja, har hujja ta ƙare min. Ranar Juma'a zai zo da mota. Na kuma sani, in na tafi, ko ɗaya ba za ta ga damina ba.

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kwana a wani wuri ba sai da izininka. Yau ga kayana a ɗaure, na rasa wanda zan tambaya. In tafi, Malam?

Allah ya haskaka makwancinka. Ka huta lafiya.

Matarka,
Binta