Idon Mai Walda

Litinin, 3 ga Maris
Tun da na bar ƙwayar komai ya zama lami. Abinci, hira, hatta ƙarar injin walda da nake so.

Alhamis, 6 ga Maris
'Yata Auta ta yi takunta na farko, daga bakin gado zuwa gwiwata. Uwar ta yi ta murna har da hawaye. Ni ma na buɗe haƙora don kada a ce. A ciki kuwa ko gezau. Wane irin uba ne wannan?

Asabar, 15 ga Maris
Na gaya wa likita. Ta ce ba mugun hali ba ne. Wai akwai wani sinadari, dofamin, mai kai saƙon jin daɗi a ƙwaƙwalwa. Ƙwaya takan sa ya yi ambaliya, sai ƙwaƙwalwa ta rage wuraren da ke karɓarsa don ta kare kanta. Shi ya sa ɗaya ta daina isata, na koma biyu, na koma uku. Yanzu ƙaramin daɗi ba ya samun mai karɓa.
Na ce, kamar wanda ya kalli wutar walda ba gilashi, ya shiga ɗaki ya ga duhu? Ta ce kusan haka. Na ce yaushe zai washe? Ta ce a hankali, kuma kowa da nasa lokacin. Su likitoci ba su da gaggawa.

Laraba, 26 ga Maris
Dogo, wanda muka koyi aiki tare, ya miƙo min ƙwaya biyu a bayan shago. "Ɗan'uwa, dubi fuskarka, kamar an aiko maka da mutuwa." Ban karɓa ba. Amma na daɗe ina kallon tafin hannunsa, wannan ba zan ɓoye ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Matata ta ce in daina yi mata dariyar dole, ta fi ciwo.

Talata, 29 ga Afrilu
Dogo ya rasu jiya. A kan bencinsa aka same shi.
Yau na je tattara kayansa a kai wa mahaifiyarsa. Na ɗauki gilashinsa, wanda ya ɗaure da waya saboda rowar sayen sabo. Na zauna ƙasa na yi kuka har maigidan shagonmu ya kashe injin.
Da na koma gida matata ta kalli idona, ta ce, "Sannu, Baban Auta." Na ce hayaƙi ne.
Rashin Dogo yana da zafi ƙwarai. Amma na ji shi.