Kunnen Tukur da Takardar Likita

Malam Barau, a taimake ni da shawara, ko da yake ni ba mai kai kuka ba ne.

Ni mutumin Ajingi ne. Aji biyu na yi a midil na fita, amma yau motoci uku gare ni suna jigilar gyaɗa zuwa Kano, kuma ba wanda ya ɗora ni. Ɗana Tukur yana kwalejin horon malamai. Yana ɗan shekara tara sanƙarau ya kwantar da shi, Allah ya tashe shi, amma kunnen dama ya mutu, na hagu sai an ɗaga murya. A gida muka yi jinya. Yaro ne mai kai, bakin malami yake kallo ya gane. To bana an kawo malamin Turanci mai zaunar da ɗalibai bisa harafin suna, Tukur ya koma can baya, shi kuma gogan yana karanta shifta yana zagaye aji. Sau biyu yaron ya faɗi jarrabawa. An ce in ya faɗi ta ƙarshen shekara, saura mako shida, za a sallame shi. Abin da ya roƙa bai taka kara ya karya ba: a maido shi gaba, mai karatu ya fuskance shi.

Wai sai da takardar likitan gwamnati. Na je kwalejin da kaina, na kai takardar dagacinmu har da hatimi, da ta limamin da ya yi masa tofi. Wani ɗan akawu, wanda ko lodi ba zan ba shi ya ƙirga mini ba, ya riƙe su da yatsu biyu ya ce ba hujja ba ce. Dagacin da ya ci naman sunan yaron! Sannan ya zaro fom ɗin shiga kwalejin, inda aka rubuta ji lafiya, gani lafiya. E, ni na sa. Wani malamin asibiti abokina ya cike shi a ƙofar gidana, bai ma ga yaron ba. Ban so a rubuta ɗana kurma a takardar gwamnati ta bi shi har kabari, kuma har gobe ba na so. Mutanen da ba su san komai ba sai buga hatimi, su za su gaya mini ciwon ɗana? Ina tunanin in cire shi in ba shi mota ɗaya ya kula da ita. Shi kuwa malanta yake so, ya ma daina zuwa gida hutun ƙarshen wata.

Mai Tsayuwa da Ƙafarsa, Ajingi

Ɗan'uwa, akawun bai kyauta ba. Takardar dattijo ba abin riƙewa da yatsu biyu ba ce, kuma kujerar gaba ba ta cancanci wannan jan rai ba. Amma dagaci shaidar asali yake bayarwa, ba ya auna kunne. Kai ma ba ka karɓar gyaɗa da rantsuwar mai ita, sai ka ɗora a sikeli. Takardar likita guda ce a fayil ɗin Tukur, ta ce kunnensa lafiya, kuma kai ka sa ta ciki. Da me kake so su ƙaryata ta?

Jibi ka sa shi a gaban mota ku tafi babban asibiti a Kano, sashen kunne. Ka roƙi likita ya rubuta abin da ya same shi, da iyakar abin da yake ji, da abin da yake bukata a aji. Ka haɗa da wasiƙa da hannunka zuwa ga shugaban kwaleji, ka ce fom ɗin farko kuskurenka ne, ba na yaron ba. Shugaban za ka gani, ba akawu ba. Malamin Turancin ma ka gaishe shi, mai yiwuwa ba wanda ya taɓa gaya masa matsalar kunnen.

Batun mota ka bar shi. Ba sha'awarsa ba ce, taka ce. Kalmar nan da kake tsoron a rubuta, shekara goma Tukur yana ɗauke da ita shi kaɗai a bayan aji, don kada ranka ya ɓaci. Mako shida ya isa, in ba ka ɓatar da biyar wajen fushi ba.

Allah ya ba Tukur sa'a, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Malam Barau